DARASI DAGA TARIHI: "ARABA" DA BIYAFARA, MAGANGANUN DA SUKA RIGA HARSASHI FITA

 

Duk sanda aka taɓa 'yan Arewa a Kudu, ko masu albasa ne ko direbobin tirela, sai ka ji magana ɗaya tana yawo a majalisu da wayoyi: "A raba ƙasar kawai kowa ya huta." Su ma can haka matasansu suke faɗa da nasu harshen. Mafi yawan masu wannan magana ba a haife su ba lokacin da aka taɓa gwada abin. Don haka darasinmu na yau zai koma 1966 da 1967. Labarin yaƙin basasa kansa yana da tsawo, sai wani zama. Abin da nake so mu duba yau shi ne kalaman da aka yi kafin a harba harsashin farko: wa ya faɗa, a wane hali ya faɗa, kuma me ya tsallake bai faɗa ba.

Da farko dai, ba Ojukwu ne ya fara kiran a raba Najeriya ba. A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa sun ce in ba a ba su rabin kujerun majalisar tsakiya ba, to a koma yadda ake kafin haɗewar 1914. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, 'yan majalisar Arewa suka ce ba su shirya ba, aka yi musu ihu a titunan Legas, suka dawo gida ransu a ɓace. Watan Mayu na shekarar aka yi rikicin Kano, majalisun Kaduna kuma suka fitar da shiri mai sharuɗɗa takwas, wanda da an bi shi da gwamnatin tsakiya ta koma 'yar hukumar kula da tsaro da kwastan da jirgin ƙasa. Bayan nan Awolowo ya nemi a rubuta a tsarin mulki cewa kowane yanki yana da 'yancin ficewa. Wa ya tsaya ya ce ba za a rubuta ba? Azikiwe da jam'iyyarsa ta NCNC. Ka riƙe wannan a ranka. A wancan zamani mutanen Gabas su suka fi kowa son Najeriya ɗaya, domin su suka fi kowa bazuwa a cikinta: suna reluwe, suna gidan waya, suna kantunan Turawa, sun cika Sabon Garin Kano da na Zariya da Jos da Kaduna.

Sai daren 15 ga Janairun 1966, cikin watan azumi. Manjo Nzeogwu da abokansa suka kashe Sardauna da matarsa Hafsatu, aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Akintola, da Okotie-Eboh, da manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Abogo Largema da James Pam. Babu wani jagoran siyasa na Gabas da aka taɓa. Mulki ya faɗa hannun Janar Ironsi, bai gurfanar da masu juyin mulkin ba, sannan ranar 24 ga Mayu ya sa hannu a Doka ta 34 wadda ta soke tsarin tarayya ta haɗe ma'aikatan gwamnati wuri ɗaya. Ɗan Arewa mai takardar sakandare ya duba ya ga yanzu kujerarsa ta Kaduna za a yi gasarta da masu digiri daga Kudu. Kwanaki kaɗan bayan haka ɗalibai da ma'aikata suka fito zanga-zanga, ta rikiɗe ta koma kashe-kashen 'yan ƙabilar Ibo a garuruwa da dama. A alluna da bakunan masu zanga-zangar kalma ɗaya ce: Araba.

Mu ɗan tsaya a kan wannan kalma, tunda tamu ce. "A raba." Duk mai jin Hausa ya san wannan "a" ɗin ba ta nuna mai aiki. Kamar ka ce a gyara hanya, a kawo wuta. Wa zai raba? Ba a faɗa ba. Ina layin zai bi, Ilorin tana ciki ko tana waje, Makurɗi fa? Ba a faɗa ba. Gyaɗar Kano da audugar Funtuwa da kuzar Jos, waɗanda jirgin ƙasa ke kai wa Legas da Fatakwal, ta wace tashar ruwa za su fita? Kalmar ba ta da amsa, kuma daɗinta kenan. Da an cusa mata waɗannan tambayoyi da ba ta shiga allon zanga-zanga ba.

Kuma an zo an yi mata tambayoyin. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin, aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Kanar Fajuyi a Ibadan, da hafsoshi da ƙananan sojojin Gabas masu yawa. Niyyar da yawa daga cikinsu, har da Murtala Muhammad, ita ce su tattara su koma gida su ɓalle, har an fara kwashe iyalai zuwa Arewa. Kwana uku ƙasa ba ta da shugaba, ana ta muhawara a barikin Ikeja. Manyan sakatarorin gwamnati da alƙalai da jakadun Birtaniya da Amurka suka yi ta nuna musu abin da ɓallewa ke nufi ga yankin da ba shi da teku. Ga kuma wani abu a cikin gida: yawancin masu riƙe da bindigar ba Hausawa ba ne, Tibi ne da Angas da Jukun da sauran ƙabilun tsakiya, kuma ƙasar Tibi ta yi bore har sau biyu, 1960 da 1964, a kan mulkin NPC. Su ba su ga abin da za su ci a Arewa mai cin gashin kanta ba. Ranar 1 ga Agusta Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya yi jawabin karɓar mulki. A ciki ya ce tsarin mulkin bai-ɗaya ya gaza, kuma tushen haɗin kai ya girgiza matuƙa ko ma babu shi. Yana magana ne a kan tsarin Ironsi, amma masu farfagandar Inugu suka ciro wannan gaɓar ita kaɗai suka yi ta nanatawa: ga shi shugabanku da bakinsa ya ce babu tushen zama tare. Magana zarar bunu.

Ko a taron tsarin mulki da aka buɗe a Legas ranar 12 ga Satumba, takardar farko da wakilan Arewa suka kai ta nemi yankuna masu cin gashin kansu, kowanne da 'yancin ficewa. Cikin 'yan kwanaki suka janye ta suka kawo wata mai neman tarayya mai ƙarfi da ƙarin jihohi. To me ya canza tsakanin Mayu da Satumba? Arewa tana nan inda take, teku bai matso ba. Wanda ke zaune a kujerar Legas ne ya canza. Da tsakiya take hannun wanda muke tsoro, mun ce a raba. Da ta dawo hannun wanda muka amince da shi, sai muka ce Najeriya ɗaya. Su kuma na Gabas suka yi irin wannan juyin daidai, amma ta ɗaya fuskar. Duk wanda zai karanta jawaban wancan lokaci bai lura da wannan ba, zai ɗauka aƙida ce ake faɗa a kai, alhali tsoro ne yake sauya masauki.

Kuma tsoron nasu ba na ƙarya ba ne, wannan dole a faɗe shi ko da ba daɗi. A ƙarshen Satumba da farkon Oktoban 1966 an yi wa mutanen Gabas kisan da ya ninka na Mayu a garuruwan Arewa, bayan wani labari da gidan rediyon Kwatano ya watsa cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, aka maimaita shi a Kaduna. Ranar 1 ga Oktoba sojojin bataliya ta biyar suka yi tawaye a Kano, aka kashe mutane a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa suna jiran abin hawa su gudu. Gwamnatin Gabas ta ce mutum 30,000 aka kashe, wasu marubuta suka kawo adadi ƙasa da haka sosai, amma ko mafi ƙarancin lissafi dubbai ne. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka koma Gabas. An kuma kashe 'yan Arewa mazauna can a ramuwar gayya. Ni dai ban ga ta inda telan Sabon Gari ko akawun reluwe ya zama shi ya kashe Sardauna ba, kuma addininmu bai ba kowa jinin wani a kan laifin ɗan garinsu ba. Akwai sarakuna da talakawa da suka ɓoye maƙwabtansu a cikin gidajensu, Allah Ya saka musu. Amma wanda ya sauka a tashar Inugu da gawar ɗansa, ba labarin waɗannan yake ɗauke da shi ba.

Wannan raunin shi ne jarin da Ojukwu ya samu. Mutumin kuwa ya iya baki. A Zungeru aka haife shi, ya karanta tarihi a Jami'ar Oxford, shi ne kwamandan bataliyar Kano a Janairun 1966, kuma abokin Sarkin Kano Ado Bayero ne har ya naɗa shi uban Jami'ar Nsukka. Ya san Arewa, ya san yadda ake jera magana. Tun farko ya ƙi amincewa da Gowon a matsayin shugaba, yana cewa akwai waɗanda suka girme shi a soja irin su Birgediya Ogundipe.

Ranakun 4 da 5 ga Janairun 1967 Janar Ankrah na Gana ya tara su a garin Aburi. Gowon da Hassan Usman Katsina da sauran gwamnoni sun je ne da tunanin zaman tsofaffin abokan bariki, a gaisa a huce. Ojukwu ya zo da takardu a shirye. Aka amince ba za a yi amfani da ƙarfi ba, aka amince manyan al'amura sai da yardar gwamnonin yankuna, aka amince za a ci gaba da biyan ma'aikatan da suka gudu albashi zuwa ƙarshen Maris. Da aka dawo Legas manyan sakatarori suka karanta suka ce ai wannan rushe tarayya ne da wani suna. Aka fara jan ƙafa. Gwamnatin Gabas ta buga muryoyin taron a faifan garmaho ta rarraba, aka ƙirƙiro take: a kan Aburi muka tsaya. Ranar 17 ga Maris Legas ta fitar da Doka ta 8, wadda ta ba yankuna mafi yawan abin da aka yi alkawari, sai dai ta riƙe ikon ayyana dokar ta-ɓaci a yanki in gwamnoni uku sun yarda. Masana da dama, har da wasu da suka yi aiki da gwamnatin Biyafara, sun ce da an karɓi wannan doka da an samu kaso mafi tsoka ba tare da jini ba. Amma ta yaya za ka karɓi kashi tara cikin goma bayan ka koya wa jama'a cewa a kan goma kuka tsaya? Taken da aka yi don a matsa wa Legas, shi ya zo ya ɗaure mai shi.

Awolowo ma ya jefa tasa. Ranar 1 ga Mayu a Ibadan ya ce in aka bar Gabas ta fita, to Yamma da Legas ma ba za su zauna ba. A cikin jawabin dai ya ce yana son a zauna tare kuma ba ya goyon bayan yaƙi, amma a Inugu rabin da ya yi musu daɗi suka ji. Wata guda bayan haka Awolowo yana cikin gwamnatin Gowon a matsayin kwamishinan kuɗi.

Ranar 27 ga Mayu majalisar tuntuɓa ta Gabas ta ba Ojukwu izinin ayyana ƙasa. A ranar Gowon ya ayyana dokar ta-ɓaci ya yanka Najeriya jihohi 12, shida a Arewa, uku a Gabas. Ranar 30 ga Mayu da asuba Ojukwu ya karanta sanarwar Jamhuriyar Biyafara.

Wannan sanarwa ta cancanci a zauna a karance ta a hankali, domin duk dabarun irin wannan magana suna cikinta. Ta buɗe da ambaton ikon Allah a kan 'yan Adam, kamar yadda kusan kowane mai shirin jefa jama'a cikin wuta yake buɗewa, a kowane addini. Sannan ba ta ce "ni na yanke shawara" ba. Tana cewa ne ku mutanen Gabashin Najeriya, ku ne kuka gane cewa babu wata gwamnati da ke wajen yankinku da za ta iya kare rayukanku da dukiyoyinku, ku ne kuka ba ni izini. Wato shi ɗan aike ne kawai. Gaɓar kare rayuka ita ce zuciyar sanarwar, kuma bayan abin da ya faru a Satumba wa zai iya musa ta? A nan ƙarfinta yake: an ɗauko gaskiyar da ba mai iya ƙaryatawa, aka ɗaura mata hukuncin da ba a yarda kowa ya tattauna ba. Cewa an zalunce ku gaskiya ne. Cewa ɓallewa a wannan watan, da bindigogin da ke hannu, ita ce za ta tsare rayukanku, wannan magana ce daban mai neman hujjarta daban. Amma duk wanda ya nemi hujjar a Inugu a lokacin, sunansa ɗan zagon ƙasa.

Sai kalmar "ku". Su wa ke nan? Sanarwar ba ta ce Ibo ba, ta ce mutanen Gabas. Alhali wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen yankin, ko fiye, ba Ibo ba ne: Ijaw, Ibibio, Efik, Ogoni, mutanen Ogoja da sauransu, waɗanda tun kafin 'yancin kai suke neman a cire su daga ƙarƙashin Inugu. A Fabrairun 1966 ma wani matashin Ijaw, Isaac Adaka Boro, ya ayyana tasa jamhuriyar ta Neja Delta, aka murƙushe shi cikin kwana 12, daga baya ya mutu yana yaƙi a ɓangaren tarayya. Gaskiya ne akwai 'yan ƙananan ƙabilu da suka tsaya da Biyafara har ƙarshe, tunda su ma an kashe nasu a Arewa ba a tambaye su yare ba. Amma ba a taɓa yi musu ƙuri'ar jin ra'ayi ba. Kuma sanarwar ta yi takatsantsan ta ambaci ruwan tekun yankin da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Man fetur da aka fara samu a Oloibiri a 1956, da matatar Fatakwal, da tashar Bonny, kusan duk a ƙasar waɗannan ƙabilu suke. Gowon ya san haka, shi ya sa ya ba su jihar Ribas da ta Kudu maso Gabas kwana uku kafin sanarwar. Ka ga irin ramin da "Araba" ta faɗa a barikin Ikeja, shi "ku mutanen Gabas" ta faɗa. Kowane yanki da ke kukan danniyar tsakiya yana da waɗanda ke kukan tasa danniyar a cikin ɗakinsa.

Abin da babu shi a jawaban ɓangarorin biyu shi ne farashi. A Gabas an gaya wa jama'a cewa babu wani ƙarfi a Afirka baƙar fata da zai iya murƙushe su, kuma duniya za ta amince da su nan da nan. Matasa suka cika tituna suna roƙon a ba su bindiga. Ƙasar farko da ta amince da Biyafara, Tanzaniya, sai a Afrilun 1968 ta yi, kuma har aka gama ƙasashe biyar ne kacal: ita da Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti. Ba wanda ya tsaya a dandali ya ce yankin nan da kifin waje da naman Arewa yake samun abin gina jiki, in aka toshe teku yara za su kumbura.

Legas ma ba ta faɗi gaskiya ba. Da aka fara harbi a Gakem kusa da Ogoja ranar 6 ga Yuli, ba a kira shi yaƙi ba, an ce "aikin 'yan sanda" ne, za a je a kamo ɗan tawaye ɗaya da 'yan kanzaginsa a dawo. Wannan suna ya rage wa mutane nauyin abin a zuciya, kamar yadda ya shafe gaskiyar cewa miliyoyin mutane suna bayan Ojukwu ne saboda abin da idonsu ya gani. Ranar 9 ga Agusta sojojin Biyafara suka tsallaka Kogin Kwara suka mamaye yankin Tsakiyar Yamma har suka kai Ore a hanyar Legas, sai aka daina zancen 'yan sanda. A Benin ma an ayyana wata jamhuriyar a watan Satumba, ba ta yi cikakken kwana biyu ba sojojin Murtala suka shiga garin. Inugu ta faɗi ranar 4 ga Oktoba, kwana uku bayan haka sojojin tarayya suka kashe ɗaruruwan fararen hula maza a Asaba.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: da yaƙi ya yi tsawo, farfagandar Biyafara a Turai da Amurka ta koma cewa Musulmin Arewa ne suke jihadi a kan Kiristocin Gabas. Ta karɓu a coci-coci, ta jawo kuɗi da jiragen agaji. Alhali Gowon Kirista ne ɗan mai wa'azin coci, Ɗanjuma Kirista, Adekunle da Obasanjo da suka jagoranci rundunar da ta ci bakin teku ba Musulmi ba ne, haka dubban sojojin da ke filin daga. A sanarwar 30 ga Mayu kanta ba a kafa hujja da Musulunci ba. Daga baya aka jawo addini, lokacin da aka ga shi ne kuɗin da ke ciyuwa a kasuwar waje. In ka ji yau wani, nasu ko namu, yana ba da labarin yaƙin a matsayin na masallaci da coci, ka tambaye shi sunayen kwamandojin.

Irin wannan harshe bai mutu ba. A Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa sun taru a Kaduna suka ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, martani ga masu fafutukar Biyafara na yanzu. An janye wa'adin kafin ranar ta zo, alhamdu lillahi. Amma ka duba ranar da suka zaɓa, ka koma sama ka duba abin da ya faru a Kano a irin wannan rana a 1966, sannan ka yi tunanin yadda dattijon da ya tsira daga tashar jirgin ƙasa ya ji sanarwar a rediyo.

Lokacin da aka ayyana Biyafara, Ojukwu yana da shekara 33, Gowon 32. Aikin 'yan sandan ya ɗauki wata 30. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya fara daga dubu ɗari biyar zuwa sama da miliyan biyu, mafi yawansu yunwa ce ta kashe su, kuma yara ne. A Janairun 1970 Ojukwu ya hau jirgi daga filin Uli zuwa Kwaddibuwa. Wanda ya bari ya karanta jawabin ajiye makamai shi ne mataimakinsa Philip Effiong, ɗan ƙabilar Ibibio, kuma shi ya zo barikin Dodan a Legas ya miƙa wuya ranar 15 ga Janairu, shekara huɗu cif da daren da aka shiga gidan Sardauna.